"Jolt": kalmar da ba kowace matsala take yi wa daidai ba

Tun da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, masu lodin gyaɗa da shanu a tashar suka san wani motsi: da zarar kan jirgi ya ja, sai taragu su fizgu ɗaya bayan ɗaya, na tsaye ya yi tangal-tangal. Wannan fizgar ce ake kira "jolt" da Ingilishi.

Kalmar tana zuwa a matsayin suna, tana kuma zuwa a matsayin aikatau. Sharuɗɗanta biyu ne: abu ya zo kwatsam, kuma bugun ya zama na ɗan lokaci. Daga motsin jiki aka aro ta zuwa ga zuciya, inda take nufin labarin da ke sa mutum ya zabura. Shi ya sa fassararta take sauyawa: fizga ko jijjiga ga jiki, zabura ko razana ga zuciya.

Sanarwar cire tallafin fetur da Shugaba Bola Tinubu ya yi ranar 29 ga Mayu, 2023, ta cika sharaɗin: cikin kwanaki kaɗan farashin lita ya ninka fiye da sau biyu, kuɗin mota daga Nguru zuwa Gashuwa ya bi sahu.

Amma ciwon ƙodar da ya addabi Gashuwa da sauran ƙasar Bade ya shafe shekaru yana cin rayuka. Haka ma ciyawar kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru: sannu a hankali ta mamaye, bayan da madatsun Tiga da Challawa, waɗanda aka kammala a 1974 da 1992, suka sauya yadda ruwa ke malala. Babu kwatsam a cikin waɗannan.

A nan ne mai rubuta wa minista takarda zai yi hattara. Idan ya kira daɗaɗɗen ciwo "jolt", ya nuna wa maigidansa cewa girgiza ce mai wucewa, wadda ziyarar jaje da buhunan shinkafa za su wadatar. Alhali kuwa abin da Gashuwa ke jira shi ne bincike kan musabbabin cutar, da injinan wankin ƙoda, da gurbi a kasafin kuɗi na kowace shekara.