Zagayen Tafkin Dagona a Kan Keke: Yadda Ake Yi da Lokacin da Ya Dace

Da yawa daga cikinmu da aka haifa a Agege ko Sabon Ibadan ko Lokpanta, abin da muka sani na gida bai wuce tasha, gidan kakanni da kasuwa ba. Mu zo hutu, mu yi sati biyu a ɗaki muna danna waya, mu koma kurmi muna cewa Arewa ba abin gani. Ni ɗan Nguru ne, mahaifina fataken shanu ne, rabin rayuwata a kara na yi ta a Kudu. Ina so in yi wa 'yan'uwa bayanin wata tafiya da ba ta cin kuɗi, wato zagayen tafkin Dagona a kan keke, da yadda ake shirya ta.

Dagona ƙauye ne a ƙaramar hukumar Bade ta jihar Yobe. Yana kusan tsakiyar Nguru da Gashuwa, kudu da titin kwalta da ya haɗa garuruwan biyu. Tafkinsa tsohon hannun kogi ne da ruwa ya yanke ya bari, shi ya sa yake a lanƙwashe. Yana cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Yobe. A 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, da faɗin hekta 344. Tun kafin haka sunansa ya kai Turai, domin mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo har wurin a 1989 don ganin tsuntsaye. Ka ga mutum ya taso daga Landan, mu da muke da gidan uba a nan kusa ba mu taɓa leƙawa ba.

Abu na farko da mai keke zai gane shi ne, a ƙasar nan ruwa ne ke ba da hanya, shi ne kuma ke hana ta. Ruwan ba na saman Dagona ba ne kaɗai. Daga ƙasar Kano da Bauchi yake gangarowa ta kogin Haɗeja da na Jama'are, ya bazu cikin fadama, kafin ya haɗu ya zama kogin Yobe a wajen Gashuwa. A watan Agusta da Satumba fadamar cike take, hanyoyin ƙauye sun nutse, sai kwalekwale. Daga Nuwamba ruwa ke ja da baya, laka ta bushe ta yi tauri, hanya ta buɗe. Daga Afrilu kuwa zafi kan haura digiri 40, ba mai hankalin da zai hau keke da rana. Saboda haka lokacin tafiyar shi ne Disamba zuwa Fabrairu. Allah da ikonsa ya yi daidai da hutun makarantar yaranmu na ƙarshen shekara, kuma daidai lokacin ne tsuntsayen Turai suke nan.

Su tsuntsayen nan sanyin ƙasashensu suke gudu. Su tsallako teku da Sahara, su sauka a ruwa na farko da suka tarar, su zauna har wajen Maris sannan su juya. Akwai agwagin daji kala-kala da ƙananan masu dogayen ƙafa da ke kiwo a bakin laka, ga kuma namu na gida irin su dinya, kirinjijiya, zalɓe da belbela. Ni dai in na gan su sai in tuna da mu: cin rani suka zo, ba su manta hanyar gida ba.

Hanya ta farko ita ce ta kwalta, tsakanin Nguru da Gashuwa ta Jajimaji, kimanin kilomita 65 zuwa 70. Shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara. Mai lafiya da keke mai kyau zai cinye ta cikin awa huɗu zuwa biyar har da hutu. Amma akwai sirri guda: iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, Gashuwa kuma gabas take da Nguru. In ka taso daga Nguru iska na dukan ƙirjinka, kana taka feda kamar kana jan bijimi mai taurin kai. In daga Gashuwa ka taso, tana tura ka ta baya. Masu dabara sukan ɗora keken a mota zuwa Gashuwa, su kwana, su taso bayan sallar asuba su nufo yamma. A kula da manyan motoci, musamman ranar kasuwa, domin in hazo ya yi yawa direba ba ya hango mai keke da wuri. Sa riga mai haske, ka riƙe gefenka.

Hanya ta biyu ita ce zuciyar tafiyar: ka sauka daga kwalta ka yi kudu zuwa Dagona. Nan babu alamar hanya. Burtali ne da sawun amalanke da na babur, kuma kowace shekara ruwa na sauya musu wuri. Don haka a ƙauyen bakin titi ake tambaya, mai shayi ko mai faci zai gaya maka wadda ta bushe a bana. Ƙasar iri biyu ce. Inda laka ce busasshiya keke na gudu, sai dai sawun shanu ya farfasa ta, za ka sha jijjiga. Inda yashi ne kuwa, sauka za ka yi ka tura, ba abin kunya ba ne. Rage wa taya iska kaɗan yana taimakawa a yashi. Kilomita 10 a nan ta fi 25 ta kwalta gajiyarwa, a yi lissafi da haka.

In ka isa, kada ka wuce kai tsaye bakin ruwa. Ka fara gaida mai gari, ka faɗi ko kai ɗan wane ne da abin da ya kawo ka, sannan ka nemi ma'aikatan gandun daji su ba ka izini da ɗan rakiya. Wurin a kare yake, ba a farauta, ba a harbi ko da da danƙo ne. Ka jingine keken a gindin bagaruwa ka ƙarasa da ƙafa, ba hayaniya. Sassafe da bayan la'asar ne tsuntsaye suka fi taruwa.

Hanya ta uku ta masu neman hawa ce. Gaskiya ƙasarmu ba ta da tsaunuka irin na Jos ko Abakuta. Tudunmu na yashi ne. Arewa da Gashuwa, a ƙaramar hukumar Yusufari, akwai tuddan rairayi na Tulo-Tulowa da kwaruruka masu dabino da goruba a tsakaninsu. Can keke ba ya hawa, iyakarsa inda ƙasa mai tauri ta ƙare, sauran sai ƙafa ko raƙumi, kuma ba a zuwa sai da ɗan gari. Mai son tarihi kuma sai ya yi kudu zuwa Gogaram, tsohuwar fadar Mai Bade kafin a mayar da ita Gashuwa, inda ake bikin kamun kifi na Bade.

Batun keke, kada ka wahalar da kanka da siririn keken tsere da ake gani a Legas. Tsidau da ƙayar bagaruwa za su gama da shi kafin azahar. Phoenix ko Raleigh irin na iyayenmu, mai kaurin taya da kariya a baya, shi ne daidai wurin, kuma kowane mai gyara a ƙauye ya san shi. Ka riƙe famfo, kayan faci, ruwa aƙalla lita 3, dabino ko ƙuli-ƙuli, da rawani ko ƙyalle saboda ƙura. Ku tafi ku biyu ko uku, a san inda kuka nufa a gida, a tambayi halin tsaro kafin a tashi, kuma a dawo kan kwalta kafin magariba. In kun haɗu da garke ku tsaya ya wuce. Ɗan mai shanu ba sai an koya masa wannan ba.

Me ya sa nake matsa wa mutane su je yanzu? Saboda wurin na sauyawa a kan idonmu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamar ta ragu, yadda ruwan ke zuwa ma ya canja. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama mafakar jan-baki masu cinye hatsi. Wani wuri ruwa ya yi yawa, wani ya bushe. Makiyayi da manomi da masunci duk a kan ɗan abin da ya rage suke, rigima kuma daga nan take farawa.

Wannan ba labarin nesa ba ne ga mu mazauna Kudu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930 ake lodin shanu daga nan zuwa kurmi, yau tirela ta gaje shi. Sa da yawa da ake ciniki a kara, ciyawar wannan fadama ya ci da rani. Busasshen kifin da ake sauke kwalayensa a kasuwanninmu, wani daga ruwan nan ya fito. In fadama ta mutu, cinikinmu a can zai ji a jikinsa. A cikin mota ba ka ganin wannan, gilashi a rufe, ka wuce cikin awa ɗaya. A kan keke kuwa za ka tsaya, ka sha ruwa a rijiyar mutane, su gaya maka inda ruwa yake kaiwa a da da inda yake tsayawa yanzu.

Duk wanda zai kawo iyali gida a Disamba, ya ware kwana ɗaya, ya ari keke biyu, ya ɗauki babban ɗansa su je. Allah Ya kai mu lafiya, Ya maido mu lafiya.