Hoton aro wajen tallar tsohon kwabo

A akwatunan tsofaffin ma'aikatan reluwe a Kafanchan akan tsinci anini da kwabo mai huji da sule, kuɗin kafin zuwan naira a 1973. Wasu matasa kan tallata su a Facebook da hoton da suka kwaso daga intanet, kuma nan gizo ke saƙa. Mai tara tsofaffin kuɗi ƙwayar da ke hannunka yake son gani: shekararta, yadda ta suɗe, da 'yar alamar H ko KN ta masana'antar Ingila da ta buga ta. Idan kaya suka saɓa wa hoto, ciniki ya tashi. Ɗauki hoton kwabon naka gaba da baya da rana, kuma kada ka goge shi da toka, darajarsa za ta faɗi.