Kalmomin Leƙen Asiri na Ingilishi da Darasin Yuraniyom na Arlit

Garin Arlit, da ke kimanin kilomita 240 arewa da Agadez, yuraniyom ne ya kafa shi. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙar ma'adinin a 1971, sannan COMINAK ya bi sahu a Akokan daga 1978 har zuwa rufe shi a Maris 2021. Hodar da ake tacewa a can, wadda Ingilishi ke kira “yellowcake”, ita ce ta zama jigon wata taƙaddamar duniya a 2002 da 2003. Taƙaddamar ta bar wa ɗalibin harshe darasi guda: kalmomin leƙen asiri na Ingilishi suna bayyana yadda aka samo zance da wanda aka yarje wa ya gan shi, amma ba sa auna gaskiyarsa. Mai fassarar da ya manta da haka yana iya mayar da zargi ya zama hujja.

Zargin shi ne wai Nijar ta amince ta sayar wa Iraƙi tan 500 na wannan hoda, kuma an jingina shi da wasu takardu da suka ɓulla a birnin Roma. Hukumomin Amurka da Birtaniya sun kira rahotannin “intelligence”. A zancen yau da kullum kalmar tana nufin basira, amma a bakin ƴan leƙen asiri tana nufin duk bayanin da aka tattaro, ingantacce ko jita-jita. Shi ya sa suke ƙara mata sifar “raw”, wato ɗanye, idan ba a tantance shi ba. Kafafen labarai na Hausa sukan fassara ta da “bayanan sirri”, kuma a nan matsalar take. A kunnen Bahaushe, sirri ko asiri gaskiya ce da aka rufe. Idan aka ce asirin mutum ya tonu, an gama yarda cewa ya aikata.

Haka abin yake ga “classified”. A Amurka matakanta uku ne, “confidential”, “secret” da “top secret”, kuma abin da suke aunawa shi ne girman illar da fallasa takarda za ta yi wa tsaron ƙasa. Takardar jabu ma tana iya samun wannan hatimi. “Covert” kuwa ta shafi aiki ko ma'aikacin da aka ɓoye wanda ya tura shi. A Fabrairu 2002 hukumar CIA ta aika tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai, ya koma da ra'ayin cewa cinikin da wuya ya auku, domin a lokacin ma'adinan suna hannun gamayyar kamfanoni ƙarƙashin jagorancin Cogema na Faransa. Ƙasar da a wancan lokacin take samar da kusan tan 3,000 a shekara, ana kai shi cikin durom-durom har tashar Kwatano, ba za ta ɓatar da tan 500 ba tare da an lura ba. Wilson ya bayyana haka a jaridar New York Times ranar 6 ga Yuli 2003. Bayan kwana takwas wani ɗan jarida, Robert Novak, ya buga cewa matarsa, Valerie Plame, ma'aikaciyar CIA ce. Wannan shi ne “leak”, kalmar da asalinta yoyon ruwa ne. Siffantawar tana ɓoye mai aikatawa, kamar tulu ne ya tsage da kansa, alhali Hausa takan nemi wanda ya kwarmata.

Misali mafi nauyi aikatau ne guda. A jawabinsa ga majalisa ranar 28 ga Janairu 2003, Shugaba George W. Bush ya karanta jimla mai kalma 16, cewa gwamnatin Birtaniya ta gano Saddam Hussein ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka. Aikatau ɗin shi ne “learned”. A nazarin ma'ana, yana cikin rukunin da ke ɗaukar abin da ya biyo baya a matsayin tabbatacce, kamar “gano” da “sani” a Hausa, saɓanin “claimed” da ke daidai da “yi iƙirari”. Hausa tana da ƙaramar kalmar “wai” don nisanta mai magana daga zancen da ya jiyo. Jimlar ta jingina labarin ga Birtaniya, amma babu “wai” a cikinta. Ranar 11 ga Yuli 2003 shugaban CIA, George Tenet, ya amince cewa bai kamata kalmomin su shiga jawabin ba.

Saura kalmomin warware rubutun sirri. “Code” tana musanya kalma sukutum da wata alama da aka shirya tun farko, ita kuwa “cipher” tana sauya haruffa bisa ƙa'ida, kusan yadda zaurance ke cusa gaɓoɓi cikin kalma. Tushen “cipher” shi ne “sifr” na Larabci, inda Hausa ta aro “sifiri”, kuma masanin Bagadaza al-Kindi ne ya bayyana a ƙarni na 9 yadda ake karya irin wannan rubutu ta ƙirga yawan aukuwar kowane harafi. Takardun Roma ba su buƙaci wannan gwaninta ba. Ɗaya daga cikinsu, mai kwanan watan Oktoba 2000, tana ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar muƙamin tun 1989. Ranar 7 ga Maris 2003 Mohamed ElBaradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun ba na gaskiya ba ne. An fara yaƙin Iraƙi ranar 20 ga watan.

Saboda haka, duk wanda zai fassara rahoton tsaro ga masu sauraro a Arlit, Maraɗi ko Kano, ya kamata ya bambanta abin da aka ɓoye da abin da aka tabbatar. “Intelligence” da ba a tantance ba gara a kira ta rahoton ƴan leƙen asiri, a ambaci wanda ya faɗa, a kuma bar “wai” a inda take.