Azumin Kirista da haƙƙin mai jin yunwa

A shekarar 2026, Larabar Toka, ranar da Kiristoci ke shiga azuminsu, ta faɗo ranar 18 ga Fabrairu, a daidai makon da Musulmi suka ɗauki azumin Ramadan. A 2025 ma kwana huɗu ne kacal tsakani, domin an tashi da Ramadan ranar 1 ga Maris, Kiristoci kuma suka shiga nasu ranar 5. Masu mulki sun yi ta aiko da saƙonnin fatan alheri, gidajen rediyo suka cika da zancen zaman lafiya, kuma duk wanda ya san abin da rikicin addini ya jawo mana a Arewa ba zai raina wannan ba. Sai dai muhawarar da ta biyo baya, musamman a Facebook, ta tsaya ne a kan ƙidaya: azumin wa ya fi tsawo, wa ke shan ruwa da rana, wa ya fi jigata. Wasu Musulmi sun yi mamakin jin cewa Kirista na azumi, har da masu cewa kwaikwayo ne. Wasu Kiristoci kuma suka mayar da martani da lissafin kwanakin da cocinsu ya yi ba ci ba sha. A ganina duka ɓangarorin sun bar jaki suna dukan taiki, kuma laifin ya fi yawa a wuyan Kiristocin, tunda su ne ya kamata su san ma'aunin da addininsu ya ajiye.

Tsarin kansa ba wuya gare shi ba. Daga Larabar Toka zuwa jajibirin Ista kwana 46 ne, a fitar da Lahadi shida da ba a azumi a cikinsu, saura 40, adadin kwanakin da Yesu ya yi a jeji. Tokar da ake shafa wa masu sujada a goshi daga ganyen dabinon bara ake ƙona ta. Ranar Ista tana bin cikar wata, shekarar Musulunci kuma ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, shi ya sa azumin biyu kan haɗu na 'yan shekaru su sake rabuwa. Katolika da Anglikan suna bin wannan kalanda, ikilisiyoyi da yawa kuwa sukan sa nasu azumin da addu'a a farkon shekara ko idan wata masifa ta taso.

Abin da ya fi wannan duka muhimmanci yana cikin sura ta 58 ta littafin Annabi Ishaya. Mutane ne suka kai ƙara gaban Allah cewa sun yi azumi bai kula su ba. Amsar da aka ba su ita ce a ranar azumin nasu suke matsa wa ma'aikatansu, suke faɗa da doke-doke. Sai aka zayyana musu azumin da Allah ke karɓa: a kwance wanda aka ɗaure bisa zalunci, a raba abinci da mayunwaci, a shigo da marar matsuguni cikin gida, a tufatar da wanda ba shi da sutura. Babu inda surar ta ƙidaya sa'o'i. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, saboda haka babu mai bi a Wusasa ko Kagoro ko Numan da zai ce wannan sura ba ta iso shi da harshen da yake ji ba.

Masu bi na farko sun ɗauki maganar nan a zahirinta, kuma wannan tarihi ne da ba a cika jin sa a kan bagadi ba. Wani littafi da aka rubuta a Roma a ƙarni na biyu, wanda ake kira Makiyayin Hermas, ya tsara yadda ake yi dalla-dalla. Ranar da mutum zai yi azumi, gurasa da ruwa kawai zai ci, sannan ya zauna ya lissafa kuɗin abincin da zai ci a ranar da ba don azumin ba, ya kai wa gwauruwa ko maraya ko wani mabukaci. A cikin wannan ƙarnin ne kuma wani masani ɗan Atina, Aristidis, ya rubuta wa sarkin Roma bayanin halin Kiristoci, inda ya ce idan akwai matalauci a cikinsu kuma ba su da rarar da za su ba shi, sukan yi azumin kwana biyu ko uku domin su ciyar da shi da abin da suka hana cikinsu. A lura da waɗanda ake magana a kansu. Talakawa ne da ba su da komai a rumbu, azumi ne ya zame musu hanyar samar da sadaka.

Mafi yawan abin da ya rage na wannan tarihi a nahiyarmu ya faru. Wajen shekarar 340, Atanasiyus, bishop na Iskandariya, yana gudun hijira a Roma, ya aika wa wani abokin aikinsa a Masar wasiƙa yana roƙon a tsaya a kan azumin kwana arba'in, kada duniya tana azumi Masarawa su zama abin dariya. Shi wannan Atanasiyus ɗin ne ya naɗa Furumentiyus bishop na farko na Aksum a ƙasar Habasha, a zamanin Sarki Ezana. Har yau jikokin waɗannan masu bi a Habasha suna yin azumin kwana 55 kafin Ista, ba nama, ba madara, ba ƙwai, kuma masu tsanantawa ba sa sa komai a baki sai wajen ƙarfe uku na rana. Idan aka haɗa da Laraba da Juma'a na kusan kowane mako da sauran lokutan azumi, ɗan Otodoks na Habasha yana da kwana wajen 180 a shekara. A Adis Ababa mahauta da yawa kan rufe shagunansu har sai Ista ta zo, gidajen abinci su koma miyar wake a kan injera. Ƙibɗawan Masar ma kwana 55 suke yi. Wanda ke cewa azumin Kirista aro ne, ko kuma abu ne da Turawan mishan suka shigo da shi, bai san cewa tsarin ya kafu a bakin kogin Nilu fiye da shekara 1,600 da suka wuce ba.

Amma ko a wancan zamani malaman ikilisiya ba su yarda tsawon kwanaki ya zama abin tinƙaho ba. Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya bar wa'azozin da ya yi wa jama'arsa a bakin shiga azumi. A ciki ya soki masu barin nama su koma neman abincin da ya fi naman tsada, da masu barin ruwan inabi su sa a matso musu ruwan 'ya'yan itatuwa iri-iri, ya ce waɗannan canza daɗi suka yi, ba su rage shi ba. Umarninsa shi ne abin da mutum ya rage daga akushinsa ya ƙara shi a kan sadakarsa, kuma ya yafe wa wanda suke gaba da shi kafin Ista. Duk wanda ya ga yadda cefanen wasu gidaje ke ninkuwa a lokacin azumi, kifi ya maye gurbin nama, kayan marmari su cika tebur da yamma, zai gane cewa wa'azin nan bai tsufa ba.

Yanzu a dubi abin da azumi ya koma a wurare da yawa. Da shigowar Janairu sai a ga alluna a bakin titi suna shelar azumin kwana 21 ko fiye, kuma abin da ake alkawarta wa mai zuwa shi ne buɗi, ƙarin girma a wurin aiki, biza, aure, karya ƙofofin maƙiya. Roƙon Allah biyan bukata ba laifi ba ne, Yesu da kansa ya koyar da roƙon abincin yini. Abin da ya ɓace shi ne maƙwabci. Mai makaranta yana azumi alhali malamansa sun yi wata uku ba albashi, ga kuwa wasiƙar Yakubu ta ce ladan ma'aikaci da aka danne yana kuka har ya kai kunnen Ubangiji. Dattijon ikilisiya yana azumi, rumbunansa maƙil da masarar da ya saye da kaka yana jiran bazara ta yi tsada, littafin Karin Magana kuwa ya ce jama'a na la'antar mai ɓoye hatsi. 'Yar zumuntar mata ta fito daga addu'ar asuba ta zauna a kasuwa da mudu biyu, cikakke na saye da mai lotsattsen gindi na sayarwa, irin abin da Annabi Amos ya tsine wa tun ƙarni na takwas kafin haihuwar Almasihu. Waɗannan su ne mutanen sura ta 58, ko da sun yi kwana ɗari ba su ɗanɗana ruwa ba.

Za a ce ai ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba, kuma wannan magana tana neman mayar da mu ga lissafin lada. Gaskiya ne Manzo Bulus ya faɗi haka a wasiƙarsa ga Afisawa, amma a ayar da ke biye ya ce an halicci masu bi ne domin kyawawan ayyuka. Ba wanda ya ce tiyar gero na sayen gafara. Abin da ake cewa shi ne tuban da bai taɓa aljihu ba akwai alamar tambaya a kansa. Wasu kuma za su kawo gargaɗin Yesu a sura ta shida ta Matiyu, cewa mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai kada mutane su gane, su ce toka a goshi riya ce. Akwai ƙanshin gaskiya a nan, musamman yanzu da ake ɗaukar goshin hoto a watsa a intanet. Sai dai a wannan surar an jera sadaka da addu'a da azumi ne tare, a matsayin abubuwa uku da ake sa ran kowane almajiri zai yi a ɓoye. Mai kafa hujja da ita don ya guje wa toka, ya kamata a same shi da sauran biyun.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talauci. Ta yaya za a ce wa matar da ke sansanin 'yan gudun hijira a Binuwai ko Filato ko Borno ta yi azumi, alhali sau ɗaya take ɗora tukunya a yini, wani lokaci ma ba ta ɗorawa? Amsar ita ce ba ita ake nufi ba. Ko dokar Katolika ta ɗora wajabcin azumi ne a kan 'yan shekara 18 zuwa 59, ta ɗauke wa marasa lafiya, kuma babu limamin kirki da zai ɗora wa mai yunwa yunwa. Ita ce wadda ya kamata azumin sauran ya isa ƙofarta. Saboda haka ina kira ga fastoci da dattawa su ware baikon lokacin azumi daga asusun gini da na sayen motar fasto, su karanta wa jama'a abin da aka tara da inda aka kai shi, mudu nawa, gida nawa. Gwamnan da ya sa hannu a saƙon taya Kiristoci da Musulmi murnar shiga azumi kuwa, ya fara duba teburinsa ko akwai takardar 'yan fansho da ta kwana a kai, ya biya su kafin Ista da Sallah su zo.