Ilmin Ciniki: Daga Zangon Bebeji Zuwa Zauren Jami'a

 Batunmu na wannan mako shi ne ilmin ciniki da ake koyarwa a jami'o'inmu, da abin da ya kamata ya amfana wa mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Kudancin Jihar Kano ba baƙon fatauci ba ne. A Bebeji aka haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a shekarar 1877, cikin Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai ya shiga sayen gyaɗa, har ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Makarantarsa ita ce ayari, inda madugu ke shugabanci, jagaba na nuna hanya, mai masauki na saukar da baƙi, dillali kuma na karɓar la'ada. Uban gida yakan ba yaronsa jari a kan amana, in an dawo a raba riba. Wannan tsari ya yi kama da abin da malaman fikihu suke kira ƙiradi: dukiya daga wani, wahala daga wani, a raba riba bisa kason da aka yarda, hasara kuwa tana kan mai dukiya muddin ba a yi sakaci ba.

Abin lura shi ne masana daga waje sun riga mu rubuta wannan tarihi. Paul Lovejoy ya yi littafi a kan fataucin goro, aka buga a Zariya a 1980, Jan Hogendorn kuma ya yi nasa a kan cinikin gyaɗa a 1978. Mun gode musu. To, amma yanzu ba mu da uzuri, domin Jami'ar Bayero, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1977, tana da Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote, da cibiyar nazarin banki da hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Shi kansa Alhaji Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne. Ashe ke nan igiyar da ta taso daga Bebeji ta kai zauren jami'a, saura ta komo gida.

Ga tambayoyi uku da muke ganin sun cancanci ɗalibi ya ɗaura ɗamara a kansu.

Ta farko, bashin da manomi ke ci da damina. A ƙasar Tudun Wada da Doguwa, inda ake noman masara da shinkafa, mai kuɗi yakan ba manomi kuɗin taki da sharaɗin ya biya da buhu in kaka ta yi. Shari'a ta san irin wannan ciniki, sunansa salam, kuma ta halatta shi da sharuɗɗa: a biya kuɗin gaba ɗaya, a faɗi irin hatsin da awonsa, a yanke lokacin bayarwa. Amma in rancen kuɗi ne za a mayar da kuɗi da ƙari, ko buhu ɗaya a mayar da biyu irinsa, to an faɗa cikin riba. Wane ne ake yi a ƙauyukanmu, kuma nawa ke rage wa manomi bayan ya biya? Sai wanda ya zauna a kasuwa irin ta Kwanar Dangora, ya ƙirga, zai gaya mana.

Ta biyu, ruwan Tiga. An gina wannan madatsa a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Fikihu ya ce amfanin da ruwan sama ya shayar zakkarsa kashi ɗaya ce cikin 10, wanda aka shayar da wahala da kashe kuɗi kuwa ɗaya cikin 20. To, gonar da ruwa ke gangaro mata ta magudana, da wadda sai an tayar da inji an sayi mai, hukuncinsu ɗaya ne? Malami ne zai ba da fatawa, amma yana bukatar mai lissafi ya nuna masa abin da manomi ke kashewa. Har ila yau, tare ruwan ya rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita, watau ci gaban wani ya taɓa abincin wani. Wannan ma abin awo ne.

Ta uku, kuzar Riruwai, wadda aka haƙa tun zamanin Turawa. Me ta bar wa mutanen Doguwa, kuma wane sharaɗi ya kamata su gindaya wa mai zuwa haƙa nan gaba?

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwa, in ɗalibi ya zo da tambaya kada a ɗauke shi ɗan leƙen asirin masu haraji. A riƙa rubuta bashi kuma, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan haka ta sauka, kuma abin da ba a rubuta ba ba ya nazartuwa. Ma'aikatan gwamnati su buɗe wa masu bincike bayanan kuɗin shiga na kasuwanni. Su kuma malaman jami'a su haɗa babin ciniki na Risala da Muhtasar da darasin lissafin kuɗi, sa'an nan a fassara sakamakon bincike da Hausa, a kai wa mutanen da aka yi wa tambayoyin. Binciken da ya ƙare a kan kanta bai rage wa manomi ko mudu ɗaya na bashi ba.

Allah ya ba mu halal mai albarka, ya tsare mu daga haram, amin.