Ragowar Masana'antu da Tawadar Alaramma: Katin Sallah na Hannu a Kano

Duk mai bin titunan Sharaɗa da la'asar ya saba ganin kura shaƙe da kwali, an ɗaure da igiya, matasa na turawa zuwa wurin masu awo. A Bompai ma haka ne. A Challawa kuwa, inda kamfanonin jima suka taru, guntayen fata ne ake fitarwa a buhu. A cikin gari, maɗaba'u na tara gefen takardar da injin yanka ya datse, teloli kuma na share ƙyallaye daga ƙarƙashin keke kullum dare. Wasu daga cikin kayan nan ana sayar da su a kilo, wasu a cinna musu wuta, saura kuma damina ta kwashe su zuwa kwata. A wannan garin dai, idan sallah ta gabato, za ka ga ana sayen jakar kyauta mai ƙyalƙyali da katin gaisuwa da aka bugo a ƙasar waje, da furannin da ba a san su a nan ba. Ina ganin Kano na da kayan yin nata katin, tana kuma da hannuwan da suka fi na masu buga wancan iya ado. Haɗa su wuri guda ne ba a yi ba.

Katin gaisuwar biki na sayarwa ba tsohon abu ba ne ko a Turai. A 1843 ne Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya tsara masa katin Kirsimeti a Landan, aka buga dubu ɗaya, ana sayar da kowanne sule guda. A tsakiyar katin iyali ne zaune ana walima, a gefe biyu kuma ana ciyar da mayunwata ana tufatar da marasa sutura. Shekara uku kafin nan aka fara aika wasiƙa da kan sarki na kwabo ɗaya a Ingila, don haka arhar gidan waya ce ta raya katin. Mu ma ta gidan waya ya shigo mana. Waɗanda suka yi makarantar kwana a shekarun 1980 da 1990 suna tuna katin barka da sallah mai hoton masallaci da jinjirin wata, wanda ake saya, a rubuta suna, a manna kan sarki, a jefa a akwati. Da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a watan Agustan 2001, saƙon tes ya maye gurbinsa, daga baya WhatsApp ya ƙarasa shi. Yau hoto ɗaya ne mutum zai tura wa mutum ɗari a minti guda, ba sunan kowa a jiki.

Amma buƙatar takarda a jikin kyauta tana nan. Robobi da bokitan da ake rabawa a gidan biki, waɗanda da yawansu a masana'antun roba na Kano ake yin su, ba sa fita sai an manna musu sitika mai sunan ango da amarya. Kayan azumin da ake kai wa surukai, da kayan sallar da saurayi ke aikawa, da kwandon Kirsimeti a Sabon Gari, duk suna son ɗan kati da zai faɗi daga wa, zuwa ga wa. Inda abin ya fi bayyana shi ne rabon naman layya. Uwar gida ta ƙulla leda ashirin, kowace da gidan da za ta, ta kira yara ta yi musu bayani da baki, su fita su haɗu da abokai a hanya, kason gwaggo ya tafi gidan maƙwabci. Guntun kwali mai suna, ɗaure a bakin leda, ya isa ya kashe wannan rigimar.

Kafin a je ga kayan aiki, ya kamata a tuna cewa ƙawata takarda da hannu sana'a ce da ta daɗe a garin nan. Ƙarni da yawa malamai na rubuta Alƙur'ani da ka, warƙa warƙa, ba ɗinki, a haɗe shi tsakanin tadarishi a zura a gafaka. Takardar da suka fi amincewa da ita a ƙarni na 19 ita ce mai alamar jinjirin wata uku a cikin jikinta, wadda ake yi a arewacin Italiya, musamman a masana'antar iyalin Galvani da ke Pordenone, fatake su ratso Sahara da ita ta Tarabulus ko Masar. Da tsumman tufafi ake yin ta, shi ya sa take jure shekaru ba ta rududduge ba. Tawada kuwa a gida ake haɗa ta. Ta allo daga zuge ake dafa ta, a sa ƙaro don ta kama. Ta takarda, wato yambari, da bagaruwa da kashin maƙera ake haɗawa, kuma ba ta wankuwa. Ga ja ta wasali, ga ɗorawa ta ado. Alƙalamin gamba ne ko na kara, alaramma ya fere shi da aska daidai kaurin da yake so. A Kano ne Sharif Bala na unguwar Gabari ya yi suna da rubutun Alƙur'ani wanda aka riƙa bugawa ana sayarwa har ƙasashen maƙwabta. Sannan ga zayyana, adon da ake yi wa allon wanda ya yi sauka: murabba'i cikin murabba'i, da'ira, sarƙa, layuka masu ratsa juna cikin ja da kore da ɗorawa, duk da alƙalami da magwaji. Wanda ya iya zayyanar allo guda, zana gefen kati mai faɗin tafin hannu ba zai ba shi wahala ba. Irin waɗannan mutane suna nan a tsangayu, da yawansu ba su da wata hanyar samu ta yau da kullum, kuma ba kowa ke tunanin kai musu irin wannan aiki ba.

Dalilin da ya sa ragowar masana'antu ke da muhimmanci a nan shi ne tsadar takarda. Nijeriya ta taɓa gina manyan masana'antun takarda uku, a Jebba, da Oku Iboku a jihar Akwa Ibom, da Iwopin a jihar Ogun, amma ba su ɗore da aikin da aka gina su dominsa ba. Kati mai kauri da fararen takardu galibi daga waje suke zuwa, farashinsu na bin dala. Takardar ofis gram 70 zuwa 80 ce a kowace murabba'in mita, ta yi laushi ga kati. Abin da ake so shi ne mai gram 250 zuwa 300, kuma irinsa ne mai maɗaba'a ke datsewa daga gefen katin aure ko bangon littafi. Faɗinsa ba zai yi masa wani aiki ba, amma ya isa katin da za a ɗaura wa kyauta. Kwalin sabulu, na biskit, na taliya, wanda kamfanonin Sharaɗa da Bompai ke zubarwa saboda bugu ya karkace, cikinsa fari ne ko ruwan ƙasa, sumul. Yankunan nan sun ga zamanin da masaƙu da kamfanoni ke aiki dare da rana, kafin tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar lantarki da kayan waje masu arha su rufe da yawansu. Waɗanda suka rage har yanzu suna fitar da ragowa mai yawa.

Batun fata yana buƙatar hattara. Yawancin kamfanonin Challawa da sinadarin kuromiyam suke jima, shi ne ke ba fata launin shuɗi-shuɗi kafin a rina ta, kuma shi ne cikin abin da ake kuka da shi a ruwan da ke gangarawa kogin Challawa. Guntun irin wannan fata, musamman wadda ba a gama sarrafawa ba, bai kamata ya taɓa nama ko cincin ko dubulan ba, kada kuma a ƙona gefensa don gyara. Idan kyautar abinci ce, a tsaya ga kwali. Idan atamfa ce ko turare ko takalmi, guntun fatar da aka gama, ko mafi kyau fatar akuya da majema suka jeme da bagaruwa, tana yin kyau ƙwarai. Dukawan Ƙofar Wambai da na Kurmi sun san yadda ake rina ta ja da karan dafi, su huda ta da basilla, su buga mata ado. Wannan fatar jar akuyar Sakkwato ce Turawa suka daɗe suna yi wa littattafansu bango da ita suna kiranta fatar Maroko, don ta can take isa gare su.

Aikin kansa ba shi da wuya. A auna kwali da rula, a yanka da reza a kan katako, a datse kusurwa biyu na sama, a huda. Ƙaro da aka jiƙa ko sitacin rogo da aka dama sun isa manna ƙyalle. A shafa kaɗan, a danne da abu mai nauyi har ya bushe, in ba haka ba zai lanƙwashe, musamman da hunturu. Guntun shadda ko ƙyallen da aka rina a Ƙofar Mata ya rufe bayan kwalin inda rubutun kamfani yake. Zaren ɗinkin hula ya zama maɗauri. Ado kuma ba sai an je intanet neman samfuri ba: ga dagin arewa, ga aska biyu da aska takwas na wuyan babbar riga, ga zanen bangon soro. A bar tsakiya fili don suna, a rubuta shi da hannu, da boko ko da ajami, yadda mai karɓa ke karatu. Tsohuwar da ba ta yi boko ba, ta ga sunanta da ajami a jikin turmin zane, za ta karanta da kanta ba sai ta kira jika ba.

Abu ɗaya nake roƙo a kiyaye. Kada a rubuta aya ko sunan Allah a katin da aka san ƙarshensa shara ne. Katin da ke bakin ledar nama zai jiƙe da jini da maiƙo, yaro ya tsinke ya yar a tsakar gida. Barka da sallah da sunan mutum sun wadatar. Alarammomi sun fi kowa sanin wannan, kuma wannan ma dalili ne na sa su a cikin aikin.

Ta fuskar kasuwa, katin hannu ba zai taɓa yin arhar sitikar da inji ke bugawa dubu a awa ɗaya ba, kuma mai rabon bokiti ɗari biyar ba zai neme shi ba. Kasuwarsa tana wurin masu haɗa lefe, masu turaren wuta da humra, masu sayar da kayan azumi a kwando, waɗanda ke son kayansu su fita daban. A garin Sanganer da ke kusa da Jaipur a Indiya, iyalai na yin takardar hannu daga ragowar yadin auduga na masana'antu, suna yin kati da jakar kyauta suna fitarwa ƙasashen waje. Kano ba ta kai nan ba, amma matakin farko bai wuce wata ƙungiyar mata ko makarantar Islamiyya ta shirya da maɗaba'a ɗaya da tela biyu a riƙa ajiye mata ragowa mai tsabta, kafin ta haɗu da mai da ƙasa, sannan ta biya mai zayyana kuɗin aikinsa a kan kowane kati.

Sai a lura da lokaci. Ƙyallaye sun fi yawa a shagon tela a goman ƙarshe na azumi, lokacin da katin ƙaramar sallah ya kamata a ce ya riga ya bushe. Don haka abin da aka tara a wannan goman na babbar sallah ne, wadda ke zuwa bayan wata biyu da kwana goma, kuma a ita ce ledojin nama ke neman suna.