Wandon Sashiko: Yadda Facin Manoman Japan Ya Zama Haja Mai Tsada

Daga cikin tufafin da ƙasar Japan ke fitarwa zuwa kasuwannin Turai da Amurka, akwai wani irin wando rinanne da shuni mai ɗauke da ɗinkin da ake kira sashiko. Ya kamata ɗan kasuwa ya san abin da ke sa shi tsada kafin ya zuba kuɗinsa.

Kalmar sashiko tana nufin ƙananan suka na allura. Ɗinkin ya bunƙasa ne a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, musamman a arewacin ƙasar inda sanyi ke hana auduga yi. Manoman yankin Tsugaru sun dogara ne da tufafin zaren rama, har ma wata doka ta 1724 ta hana su sa na auduga. Saboda haka matansu kan bi yadin da allura layi-layi, domin ya yi kauri ya tare iska, ko su haɗa tsumma biyu ko uku su zama riga guda. Haka kuma 'yan kwana-kwanan birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, kan jiƙa irin waɗannan riguna da ruwa kafin su tunkari gobara.

Shunin kuwa, cibiyarsa ita ce lardin Tokushima. A can akan shanya ganyen, a tara shi, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa har kimanin kwana 100 kafin ya ruɓa ya zama sukumo. Daga nan sai a jiƙa shi da ruwan toka da dusar alkama, a yi ta tsoma zare ana fitarwa yana shan iska. Duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata a Kano zai gane aikin, ko da yake tsiron nasu ba irin babanmu ba ne.

A 1903 gonakin shunin Tokushima sun kai kimanin hekta 15,000. To amma shunin sinadari da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897 ya karya kasuwar, har ya zamana masu haɗa sukumo 'yan ƙalilan ne suka rage. Farfaɗowar sana'ar na da nasaba da garin Kojima na lardin Okayama, inda aka fara ɗinka wandon jins a 1965, kuma kamfanoni irin su Kapital suka mai da faci ya zama ado.

Abin lura ga mai saye shi ne, haja iri biyu ce ke amsa wannan suna. Akwai wanda aka soka da hannu, akwai kuma yadin sashiko-ori da inji ke saƙawa da kamannin ɗinkin, irin wanda ake yi wa 'yan wasan judo riga. Yawancin wandunan da ke kantuna na biyun ne. Ɗinkin hannu ba ya zama daidai wa daida, kuma a bayan yadin ana ganin inda zare ya ƙare aka soma wani. Haka nan ba kowane shuɗi ne na sukumo ba, don haka ya dace a nemi dillali ya rubuta irin rinin da irin ɗinkin a takardar ciniki.

Bugu da ƙari, kowane irin shuni kan zuba a wankin farko, sannan ya riƙa koɗewa a gwiwa da bakin aljihu. Masu sha'awar wandon ba sa ɗaukar wannan a matsayin aibi, amma mai kanti ya sanar da abokin ciniki tun kafin a biya.